Saboda dare ɗaya aka tozarta uba a gaban 'ya'yansa

Ranar Talatar da ta wuce, a wata cibiyar karɓar takardun bizar Faransa, aka ci fuskar wani magidanci a gaban matarsa da 'ya'yansa uku, kuma wallahi har yanzu raina bai huce ba. Mutumin nan bai kawo takardar bogi ba, bai tsallake layi ba, bai ɗaga wa kowa murya ba. Laifinsa kawai ya ƙirga kwanakin tafiyarsa birni-birni, alhali dokar Turai ƙasa-ƙasa take ƙirgawa.

Tafiyar iyali ce ta farko zuwa Turai, a dogon hutun makaranta. Dare 4 a Paris, 3 a Amsterdam, 3 a Roma, 2 a Milan, daga nan su kamo hanyar gida. Duk wanda ya taɓa haɗa irin wannan fayil ya san gumin da ake sha. Fasfo biyar, kowanne sai ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a buga komai a kai ba, kuma yana da sauran wata 3 na aiki bayan ranar da za a baro yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya. Inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000 ga kowane mutum, mai aiki a duk ƙasashen yankin, daga ranar sauka zuwa ranar tashi. Takardar haihuwar kowane yaro. Bayanan asusun banki, takardar izinin hutu daga wurin aiki, hoto mai faɗin milimita 35 da tsawon 45. Sai takardar otal ta kowane dare, ba tare da giɓin ko dare ɗaya ba, ɗauke da sunan kowa har ƙaramin cikinsu. Duk ya haɗa su, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro da nasa ƙunshin.

Da aka kira lambarsa ya matso gaban taga, ya yi sallama, ya miƙa fayil ɗin da hannu biyu. Ma'aikaciyar, wadda a haife ya haife ta, ko amsawa ba ta yi ba. Ta zaro takardar jadawalin tafiya, ta bi layukan da gindin biro, ta mayar, sannan ta turo masa fayil ɗin da ɗan yatsa ɗaya.

"Ba nan za ka kawo ba."

"Malama, a Paris za mu fara sauka, kuma a can za mu fi daɗewa."

"Na ce maka ba nan ba ne."

"To don Allah ina ne?"

"Ba ka karanta abin da ke shafinmu ba ne kafin ka kwaso yara ka taho?"

Kwaso yara! Yaran da masu cibiyar da kansu suka ce a zo da su, don ɗan shekara 14 dole a ɗauki hoton yatsunsa, 'yan ƙasa da 12 ne kawai aka ɗauke wa. Matarsa ta sunkuyar da kai. Babban ɗan ya kau da fuska, ya shiga kallon bango. Uban ya haɗiye abin da ya tokare masa maƙogwaro, ya sassauta murya.

"'Yata, mako bakwai na yi ina jiran wannan rana. Ki nuna mini inda kuskuren yake, in abin gyarawa ne in gyara yanzu."

"Ni ba aikina ba ne in koya maka lissafi. In kana so a duba maka, akwai ɗakin manyan baƙi, ka je ka biya."

"Kuɗin cibiya da na riga na biya fa, na mutum biyar?"

"Ba a mayarwa."

Ta danna lamba ta gaba yana tsaye bai gama tattara takardunsa ba. Hoton ƙaramar ya faɗi ƙasa, ya durƙusa yana tsincewa, mai gadi ya tsaya a kansa yana cewa, "Alhaji, a ba mu wuri." Ita kuwa yarinyar, wadda ba ta wuce shekara 4 ba, ta kama gefen rigarsa tana tambaya, "Baba, an ba mu?"

Jimla ɗaya ce amsar da aka hana shi. Roma da Milan duk Italiya ne, dare 3 da dare 2 sun zama 5, sun fi 4 na Faransa. Sashe na 5 na dokar biza ta Tarayyar Turai, wadda aka yi a 2009, ya ce idan tafiya ta haɗa ƙasashe da yawa, ana neman biza a wurin ƙasar da ta zama babbar manufar tafiyar, ko ta fuskar dalili ko ta tsawon zama. Sai idan kwanakin sun zo daidai ne ake komawa ga ƙasar da za a fara shiga. Shi ke nan. Minti nawa wannan bayanin zai ci mata? Da ta faɗa masa, da ya san gyaran yana hannunsa: ya ɗauke dare ɗaya daga Milan ya ƙara a Paris, Faransa ta koma 5, Italiya 4. Ko ya soke daren gaba ɗaya, su zama 4 da 4, ƙasar farko ta ɗauka. Gyara ne na gaskiya da ake yi a waya, matuƙar dai tafiyar haka za a yi ta, don wanda ya rubuta wani jadawali a takarda ya je ya bi wani daban yana iya gamuwa da soke biza a bakin iyaka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dokar tasu ma ba ta yarda da abin da aka yi masa ba. Sashe na 18 ya ce idan aka kai takardu ofishin jakadancin da ba shi ke da hurumi ba, a mayar wa mutum takardunsa da kuɗin bizarsa, kuma a gaya masa ofishin da ya kamata ya je. A gaya masa! Sashe na 39 ya wajabta a karɓi masu neman biza cikin ladabi, a kiyaye mutuncinsu. Sashe na 9 ya ce a ƙa'ida kada ranar ganawa ta wuce mako biyu daga lokacin da aka nema. Mako biyu a takarda, mako bakwai a ƙasa. Kuma nazarin takardu da yanke hukunci aikin ofishin jakadanci ne shi kaɗai. Kamfanin da ke zaune a taga ɗan aike ne, karɓa yake ya miƙa. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Kun karɓi kuɗin hidima daga mutum biyar, hidimar tana ina?

Kuma ba yau aka fara ba, kowa ya sani. Shekara da shekaru ke nan da zarar watan Afrilu ya kama, ranakun ganawa sai su ɓace daga intanet. Ka tashi tsakar dare ka duba, babu. Ka duba da asuba, babu. Amma ɗan cuwa-cuwa yana da su a aljihu, ka biya ninkin-ba-ninkin ya samo maka ta jibi. Doka ta ba da damar a nemi biza tun wata 6 kafin tafiya, kuma kada a gaza kwana 15. Hukunci kan fito cikin kwana 15, amma ana iya ja har 45. Lissafa da kanka: mai son tashi a ƙarshen Yuli, idan bai fara farautar rana tun Fabrairu ko Maris ba, ya shiga hannun dillalai. Wa ke gaya wa mai tafiyar farko wannan? Babu kowa. Sai ya ƙone sannan ya san wuta ce.

Ga kuɗi. Tun watan Yunin 2024 bizar Shengen ta tashi daga yuro 80 zuwa 90 ga babba, yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12 yuro 45, ƙasa da 6 kyauta. Iyali irin wannan, uwa da uba da ɗan 14 da ɗan 9 da 'yar 4, yuro 315 ke nan, ban da kuɗin cibiya, ban da inshora, ban da kuɗin aiko da fasfo. Idan aka hana, ko sisi ba ya dawowa. Takarda ɗaya za a saka maka cikin fasfo, an ja alama a wani akwati wai ba a gamsu za ka koma gida ba. Mutum yana da aiki, yana da gida, 'ya'yansa suna tsakiyar karatu, me kuma zai ajiye jingina? An ce kana da 'yancin ɗaukaka ƙara, gaskiya ne, amma kafin a saurare ka an koma makaranta.

Tafiya mai birane da yawa kuwa tarko ne a kan tarko. Mutum ya ce bari ya saka Landan a tsakiya tunda jirgin ƙasa daga Paris bai kai awa biyu da rabi ba. Birtaniya ba ta cikin ƙasashe 29 na Shengen. Biza daban take buƙata, da wani fom, da wani layi, da wani kuɗi a fam. Sannan da zarar ka tsallaka Landan ka fita daga yankin, idan bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ba ka da hanyar komawa Amsterdam ko Roma. Dole tun a fom ka nemi shiga sau biyu ko fiye. Ana so ka nuna yadda za ka tashi daga wannan birni zuwa wancan, jirgin ƙasa na kusan awa uku da rabi daga Paris zuwa Amsterdam, jirgin sama zuwa Roma, wani jirgin ƙasan na kimanin awa uku zuwa Milan. Tikiti mai araha shi ne wanda ba a mayar da kuɗinsa, kuma kullum bazara na matsowa yana ƙara tsada. Ka saya kafin biza ta fito, ka yi caca da kuɗin iyali. Ka jira ta fito, farashi ya ninka. Otal ma haka. Yawancin ɗakunan Turai ba sa ɗaukar mutum biyar, sai ka kama biyu ko ka nemi gida sukutum, kuma idan takardar ta nuna baƙi huɗu alhali ku biyar ne, wannan kaɗai ya isa a ce ba a san inda ɗayan zai kwana ba. Faransa tana son ganin yuro 65 na kowace rana ga mai takardar otal, 120 ga wanda ba shi da ita. Duk wannan nauyin mutum zai ɗauko a ka, ya zo gaban taga a ce da shi ya kwaso yara.

Ba ita kaɗai nake zargi ba, kada a bar jaki a koma dukan taiki. An zaunar da ita a gaban ɗaruruwan mutane kullum, an nuna mata babu abin da zai same ta idan ta wulaƙanta su. Gwamnatocin Turai ne suka ɗauke wannan aiki daga ofisoshinsu suka damƙa wa 'yan kasuwa, don kada su ga fuskar mai roƙo kuma kada su ji kukansa. Ka kai ƙorafi ofishin jakadanci a ce ka je cibiya, ka je cibiya a ce umarnin ofishin jakadanci ne. Kamfanin da ke cin riba daga ɗakin manyan baƙi, me zai sa ya gyara layin talakawa? Idan layin ya yi sauƙi, wa zai biya kuɗin ɗakin?

Amma fushina ya fi yawa a kan namu gwamnatocin. A cikin ƙasashenmu ake yin wannan abu, da lasisin da su suka bayar, a kan 'yan ƙasar da suka rantse za su kare. Wace ma'aikatar harkokin waje ce ta tsaya ta ce a bi mako biyun da ke rubuce, ko a manna ƙa'idar ƙirga kwanaki a bakin ƙofa da harshen da mutane ke ji? Hukumomin kare masu sayen kaya da hidima suna ina ake sayar da ranar ganawa a bayan fage? Sun yi gum, domin su ba sa bin wannan layi. Manya da fasfonsu na diflomasiyya, direba ne ke kai takardunsu, 'ya'yansu ba su taɓa zama awa uku a kan benci suna jiran lamba ba. Kuma su ne suka bar darajar ƙasashenmu ta zube har fasfonmu ya zama abin tuhuma tun kafin a buɗe shi.

Mu ma da namu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu buga bayanan banki na ƙarya, da masu karɓar bizar kwana goma su shige su ɓace, su ne ake fakewa da su a hukunta mai gaskiya. Sai kuma masu zama a gefe suna cewa, "Wa ya aike shi yawon buɗe ido? Ya zauna a gida mana." Mutum ya tara guminsa na shekaru don 'ya'yansa su ga duniya da idonsu, sai mu ce wulaƙancin da ya sha shi ya jawo wa kansa? A zauren nan akwai mutum sun fi hamsin. Duk sun ji abin da aka gaya masa, babu wanda ya ce uffan, kowa ya ƙanƙame fayil ɗinsa yana tsoron kada a gane fuskarsa idan layi ya zo kansa.

Yanzu zaɓi biyu ya rage wa bawan Allah nan. Ya gyara daren Milan ya sake neman rana a wannan cibiyar, ko ya bar jadawalinsa yadda yake ya koma layin Italiya daga farko. Kowanne ya ɗauka sai ya sake biyan kuɗin cibiya na mutum biyar, ya sake cike fom biyar, ya sake karɓo sabbin bayanan banki don na hannunsa sun tsufa. Mako shida ya rage masa kafin ranar tashi, kuma kwana 15 na ƙarshe doka ta rufe su.