Wa zai kama hannun ɗan ƙauye a Samaru?

Idan aka fara rajistar sababbin ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, ku tsaya bakin babbar ƙofar Samaru ku kalli yaran da ke sauka daga motocin Giwa, Soba, Ikara da Makarfi, jaka a ka, ƙullin garin kwaki da ƙuli-ƙuli a hannu. Sardauna ya kafa jami'ar nan tun 1962, amma akwai gidajen da sai bana suka samu wanda ya fara taka ta.

Yaron nan fa ya ci JAMB, alhali wani ma sai da jarrabawar ta matso ya fara taɓa kwamfuta. Ƙwaƙwalwa kam akwai. Wanda zai tambaya ne babu. Ɗan ma'aikaci tun daga gida aka faɗa masa cewa makin aji ɗaya na bin mutum har ranar da zai fita da digiri. Namu kuwa shagon intanet zai shiga a cika masa kwasa-kwasai, ya biya, bai san me aka zaɓa masa ba. Gobe ya tsinci kansa can ƙarshen ɗakin lakca, malami na zuba Turanci ba tsayawa, kunya ta hana shi ɗaga hannu kada a yi masa dariya. Ya kira gida, Baba ya ce: "To, a dage da addu'a, Allah Ya yi albarka." Iya abin da ke hannun bawan Allah ke nan.

Ni dai ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi nake ɗora wa nauyin nan. Ana jin ɗuriyarku lokacin zaɓe da bikin yaye ɗalibai, amma makon rajista shiru kake ji. Me zai hana kowane ɗan aji uku ya riƙe sabo ɗaya? Ka kai shi laburaren Kashim Ibrahim, ka nuna masa ofishin malamin da ke kula da ajinsu. Mai karatun lauya ka gaya masa harabar jami'ar da ke unguwar Kongo zai nufa, kada ya wuni yana yawo a Samaru. Ka zauna da shi ku cika neman bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka fara bayarwa a 2024, domin wani ko labarinsa bai ji ba.

'Yan matan da suka zo daga ƙauye kuwa, nasu ya fi nauyi, don kafin a bar su su zo ma sai da aka kai ruwa rana a gida. Yayyensu na ɗakunan kwanan ɗalibai mata na Amina da Ribadu, wannan aikin naku ne.