Limami mai takardar sarki

Ranar Ƙaramar Sallar da ta wuce, bayan mun idar a wani tsohon masallaci da ke unguwar Bang Rak, kusa da kogin Chao Phraya a Bankok, wani dattijo ɗan Tailan da muka saba a harkar duwatsu masu daraja ya riƙe hannuna ya ce, ya ji labari a Najeriya akan yi Salla rana biyu ko uku a gari ɗaya, shin ba mu da shugaba ne? Da murmushi ya yi tambayar, ni ma na yi dariyar yaƙe, amma maganar ta tsaya mini a rai har na shiga jirgin ruwan da ke mayar da ni masauki.

Dattijon yana da bakin tambaya. A Tailan fiye da kashi 90 cikin ɗari mabiya Buda ne, Musulmi kuwa kimanin kashi 5, kuma tsarin mulki ya ce dole sarki ya kasance mai bin Buda, ya kuma zama majiɓincin addinai. Kowace asuba sufayensu kan fito ba takalmi, kai a aske ƙwal, sanye da mayafi ruwan goro, riƙe da ƙwarya, mata su durƙusa a bakin titi su zuba musu shinkafa. Waɗannan sufaye kowannensu yana da takardar shaida, sarki ne ke naɗa babbansu, kuma tun 2002 akwai ofishin gwamnati na musamman da ke lura da lamuransu. Sauran addinan da hukuma ta amince da su suna da sashensu a ƙarƙashin ma'aikatar al'adu.

Musulmi ma an saka su a wannan layi. Dokar 1997 ta tanadi muƙamin Chularajmontri, wato Shaihul Islam na ƙasa, sarautar da ta samo asali tun zamanin tsohuwar daular Tailan ta Ayutthaya. Wakilan kwamitocin Musulunci na larduna ne ke zaɓensa, sarki ya tabbatar da shi. Masallaci sai an yi masa rajista, limami da ladan suna da sunayensu a littafi, majalisar ƙoli ta harkokin Musulunci ce ke buga tambarin halal a jikin kayan abinci, har kwalbar ruwan sha. Ofishin Shaihin ne ke sanar da ganin wata, idan ya faɗa kuwa magana ta ƙare.

Ba zan ɓoye ba, akwai daɗi a ciki. Shekara shida ke nan ina shiga kanti in ɗauki kaza ba tare da zullumi ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya wayi gari ya ɗaura lasifika a ƙofar gidansa ya ce ya buɗe masallacin Juma'a ba.

Sai dai abin da na kasa faɗa wa dattijon shi ne, wanda ya ba ka takarda shi ke da ikon karɓe ta. A ran 25 ga Oktoban 2004, cikin watan azumi, a garin Tak Bai da ke lardin Narathiwat, sojoji suka jibga masu zanga-zanga Musulmi wani kan wani a cikin manyan motoci, mutum 78 suka mutu saboda rashin iska kafin a isa barikin. Shekara 20 ta cika a 2024, wa'adin shari'ar ya ƙare, ba a hukunta kowa ba. Duk wannan tsari na kwamitoci da hatimai yana nan a lokacin, bai hana ba, bai kuma ƙwato haƙƙin kowa ba. Mu kuwa, da aka kawo dokar lasisin wa'azi a Kaduna a 2016, kowa ya ga yadda malamai da fastoci suka yi ca a kanta. Na san hayaniyarmu ta jawo mana asara, na san akwai masu bijire wa sanarwar Sarkin Musulmi don son a san da su kawai, amma malamin da zai hau mumbari ya gaya wa gwamna gaskiya ba tare da tunanin rajistarsa ba, ni a wurina ya fi ƙarfin a musanya shi da tambari.

Wataƙila kuma abin da ya ƙona mini rai ya wuce batun doka. In ban da lardunan kudu, Salla a Tailan ranar aiki ce. Ƙarfe goma na safe ina zaune a shago da babbar rigata, ina duba duwatsu a ƙarƙashin fitila, babu mai ce mini barka da shan ruwa. Na kira gida bayan la'asar, ƙanena ya ɗaga wayar daga Ƙofar Kudu, ban ji muryarsa sosai ba saboda algaita da ƙarar bindigogin 'yan bindiga. Ya ce in sake kira da daddare, sarki ya kusa isowa.