Bakano da Bazazzagi a Rabin Duniya

Da hantsi a birnin Isfahan na ƙasar Iran. Bakano da Bazazzagi sun sauka daga tasi a bakin lambun Cehel Sotun, Bakano sai washe baki yake.

BAKANO: Kai, mutanen kirki! Na miƙa wa direba kuɗi, ya dafe ƙirji ya ce "ƙabel nadare". Ba kai ka ce ma'anarsa a bar shi ba? Na mayar aljihu.

BAZAZZAGI: To ga shi can bai tafi ba. Ta'aruf suke ce mata, kara ce, irin bismillar da ake yi wa baƙo alhali tuwon bai ishi masu gida ba. Ka miƙa ya ƙi, ka sake ya ƙi, a ta uku zai karɓa.

BAKANO: A Kantin Kwari in ka ce a bar shi, an bar shi ke nan har tashin ƙiyama. Nawa ya ce?

BAZAZZAGI: Ɗari.

BAKANO: Riyal ɗari? Ai ga canji nan da ya rage mini.

BAZAZZAGI: Toman dubu ɗari yake nufi, dubun haɗiye ta suke yi. Toman ɗaya kuma riyal 10 ne. Ƙirgo miliyan guda.

BAKANO: Innalillahi! Bari in ba shi kati.

BAZAZZAGI: Tun a gida na gaya maka Visa da Mastercard ba sa aiki a nan saboda takunkumi. Dala ko yuro ake riƙowa a hannu, a canza a shagon 'yan canji. Kawo, na biya maka. Bashi ne fa.

Suka sayi tikiti suka shiga lambu. Bakano ya tsaya yana nuna ginshiƙai da yatsa.

BAKANO: Sha tara, ashirin. Ka ce sunan wurin Ginshiƙi Arba'in. An cuce mu. A dawo mini da rabin kuɗina.

BAZAZZAGI: Kuɗina dai. Biyo ni can ƙarshen tafkin. Yanzu dubi ruwa.

BAKANO: Wasu ashirin ne, kai a ƙasa.

BAZAZZAGI: Sun cika ke nan. Tun 1647, zamanin Sarki Abbas na Biyu, haka ake lissafinsu. Shi ya sa na tashe ka da wuri: rumfar gabas take kallo, hasken safe ne ke haska ta. In iska ta kaɗa ruwan, ko ka tarar an yashe tafkin, to ashirin ɗinka za ka koma da su.

BAKANO: Ni ma daga yau atamfa ashirin zan jera gaban madubi in sayar wa Zage-zagi arba'in.

Suka taka zuwa dandalin Naƙshe Jahan.

BAZAZZAGI: Tsawonsa kamar mita 560, faɗi 160. Sarki Abbas na Farko ya maido hedikwatarsa nan a 1598, shi ya sa aka shata shi. Waɗancan turakun dutse na ƙarshen fili ragar wasan holo ce, sarki na kallo daga barandar fadarsa ta Ali Ƙafu. Mutanen Isfahan su kansu suna yi wa garin kirari da "rabin duniya".

BAKANO: Gaskiya suka faɗa. Ɗaya rabin Kano ce. Wancan mai tulluwa ruwan ƙasa-ƙasa fa, kuɗi ne suka ƙare ba a yi masa hasumiya ba?

BAZAZZAGI: Masallacin Shehu Lutfullah ke nan. Na iyalan sarki ne, ba a kiran jama'a, ladan zai hau ya kira wa? Mu je babban, ka gode Allah yau ba Juma'a ba ce, da masallata sun cika shi.

A zauren masallacin Imam, Bakano ya yi turus.

BAKANO: Magini ya sha kwana. Ƙofa ta miƙe, masallaci ya karkace.

BAZAZZAGI: Da gangan ne. Dandalin bai kalli alƙibla ba, sai suka bar ƙofa ta bi dandali, suka juya cikin kamar digiri 45 ya fuskanci Makka. Dubi tayil kuma. Na ƙofa yanka shi aka yi gutsi-gutsi aka harhaɗa. Na ciki murabba'i ne da aka zana wa launi bakwai aka gasa, don ya fi sauri. An fara gini a 1611, sarki yana gaggawar ya ga ƙarshensa.

BAKANO: Ashe har sarakuna na matsa wa ɗan kwangila.

BAZAZZAGI: Zo ƙarƙashin tulluwa. Biyu ce, wata cikin wata, da sarari a tsakani. Ka ga baƙin dutsen nan a daɓe? In ka tsaya a kansa daidai ka yi magana, masu zagayawa da baƙi sun ce sau bakwai take dawowa. Ka goce taku biyu, amon ya ragu. Matsa in nuna maka.

Ya hau dutsen, ya gyara murya.

BAZAZZAGI: Miliyan!

TULLUWA: Miliyan, miliyan, miliyan, yan, yan, yan, yan.

BAKANO: Guda na ci, ka sa gini yana bi na bakwai! Haba mutumina, a garin kara muke. Dafe ƙirji ka ce "ƙabel nadare".

BAZAZZAGI: A kan wannan dutsen? In faɗa sau ɗaya ka tafi da shaidu bakwai?