Kafin a biya kuɗin talla, a lissafa buhu nawa zai dawo da su

Wani yayi ya shigo wa masu ƙananan injinan casar shinkafa a Kebbi. Kowa so yake a ji sunan shinkafarsa a rediyo, a ga hoton buhunsa a allo a bakin titin Birnin Kebbi zuwa Jega, ko a biya wani matashi mai tarin mabiya a TikTok ya rungumi buhu yana zuba yabo. Ban ga laifinsu ba. Tun da aka ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na bai wa manoma rance a jihar nan a Nuwamban 2015, aka kuma rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, masu casa suka yawaita, ga manya irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Ƙaramin da ya yi shiru, mantawa za a yi da shi.

Inda nake da ja shi ne lissafi. A ce ribar buhu mai kilo 50 naira 2,000 ce, bayan an cire kuɗin shanshera (shinkafar da ba a casa ba), dizal, leburori da buhun kansa. Tallar naira 400,000 sai an sayar da buhu 200 kafin ta mayar da kanta, kuma ƙari ake nufi, ba cinikin da dama za a yi ko ba talla ba. Mutum nawa ke zama da biro su yi wannan kafin su tura kuɗi?

Sannan da wa ake magana? Uwargidan da ke aike a auno mata mudu biyu ba ta zuwa bakin inji. Masu kwasar kaya 'yan sari ne, da masu gidajen abinci, da masu kai abinci makarantun kwana. Su kuwa ba waƙa ce damuwarsu ba. Tambayarsu ɗaya ce kullum: "Alhaji, babu tsakuwa? Awo ya cika? Mota za ta tashi ranar da ka ce?" Ɗan gajeren bidiyo a WhatsApp, an zuba shinkafar a faranti ana baza ta da hannu, an ɗora buhu a sikeli allura na nuna 50, ya fi allon titi amsa musu. Kuɗinsa bai wuce na data ba.

Akwai kuma tallar da ke jawo masu "ba ni, in na sayar in kawo". Littafi zai nuna ciniki ya ƙaru, aljihu kuwa wayam. A lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, jarin da ya kwana wata uku a hannun wani asara ce, balle kaka ta zo ana neman tsabar kuɗin sayen shanshera.

Za a ce suna ba a rana ɗaya ake yinsa ba, kuma amfanin rediyo ba ya bayyana nan take. Gaskiya ne, musamman a karkara inda rediyo ke da ƙarfi har yanzu. Sai dai a yanke masa kaso daga riba tun farkon shekara, kada a taɓa uwar kuɗi, a kuma ajiye mafi yawansa zuwa gab da azumi da salla, lokacin da ake sayen buhu-buhu. Yaron da ke rubuta rasit kuma a ce ya riƙa tambayar kowane sabon mai saye inda ya ji labarin shinkafar, ya rubuta a gefen sunansa, a duba bayan wata uku.