Kuɗi sun karɓa, ruwa babu, sai wulaƙanci

Wallahi na gaji da wannan rainin hankali da ake kira gandun shaƙatawa na jiha. Duk wanda ke zaune a jihar Mishigan ta Amurka ya san yadda abin yake. Wata shida kafin lokacin kaka ake buɗe rajistar wurin kwana a intanet, kafin ka gama shigar da sunanka an kwashe na bakin ruwa. Ka biya kuɗin shigar mota, wanda tun 2010 aka liƙa shi a jikin sabunta lambar mota. Ka biya kuɗin filin kafa tanti. Ka sayi lasisin kamun kifi, kai da duk ɗanka da ya kai shekara 17. Me za a ba ka? Masai da famfon tuƙa-tuƙa. Abin da muka baro a ƙauye kyauta, shi muke saye da dala a Amurka, har muna godiya.

To wannan karon da muka je da iyalina, ko famfon babu. An cire masa hannu, wai kada ruwa ya daskare a bututu, kuma ba wanda ya ga dama ya faɗa mana lokacin da ake karɓar kuɗi. Ruwan alwala sai da na roƙa a tantin maƙwabta.

Da hantsi ina gyara fatsa, yara na rawar ɗari a bakin wuta, sai ga ma'aikacin gandun a motarsa. Ya wuce tantuna a jere bai ko rage gudu ba, sai a namu ya taka birki. Ba gaisuwa.

"Lasisi."

Na miƙa masa. Ya dubi takarda, ya dube ni, ya sake duban takarda, har da juya bayanta.

Na ce, "Yallaɓai, tunda ka zo, famfon nan ba ya aiki."

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya sa ƙafa ya shuri itacen da na jera. "Daga ina wannan?"

Na san dalilin tambayar. Wani ƙwaro da aka gano kusa da birnin Ditiroit a 2002 ya kashe miliyoyin bishiyoyi, kuma a cikin itacen girki yake yawo daga gari zuwa gari. Shi ya sa na sayi wanda aka gasa a masana'anta don kashe ƙwaron, ga tambarin a jikin ledar. Na ɗauko ina nuna masa. Sai bawan Allahn nan ya ja kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi, a gaban matata da 'ya'yana:

"Kana... jin... Turanci?"

Jama'a, da wane yare nake yi masa magana tun ɗazu? Da Fulatanci na cike takardar harajin da nake biya duk shekara? Na ce ina ji, kuma har yanzu ina jiran amsar maganar ruwa. Ya ce, "Akwai kanti a gari." Garin da sai ka yi tafiya mai nisa cikin daji kafin waya ma ta kama. Ya jefa lasisin a kan tebur, ya tada mana ƙura. Babbar 'yata ta ce, "Baba, laifin me muka yi?" Ku ba ta amsa, ni ba ni da ita.

Shi ɗan aike ne, laifin na masu aikensa ne. Gwamnati ta janye hannu ta bar gandayen nan suna rayuwa kusan kacokan a kan kuɗin da muke biya da kason ma'adinai, ga ma'aikatan wucin gadi da ake sallama da zarar bazara ta ƙare. A 2022 aka yi ta shelar dala miliyan 250 don gyaran gandayen jiha. Madalla. Hannun famfo ɗaya da allon sanarwa sun gagara?

Kifin salmon da suka zuba a Tafkin Mishigan tun 1966, yau shi ne abin talla: a zo lokacin kaka, a ga ganye ya yi ja, a kama kifi. In ka zo da baƙar fata da mata mai lulluɓi, kai ne za a fara tambaya takarda. Mu ma da namu laifin. 'Yan'uwanmu za su sha irin wannan, su haɗiye, su ɗora hoton tafki a Facebook su rubuta "Alhamdulillah", na gida kuma su yi ta turo saƙo a nema musu biza.