Ɓarawo ma mutum ne, ko kun ƙi ko kun so

Tun jiya nake danne zuciyata kada in yi magana a kan bidiyon nan da ke yawo na yaron da jama'a ke duka bisa zargin satar waya, amma sharhin da na wayi gari da shi yau ya ƙure haƙurina. Kun dai gani, ba sai na maimaita ba. Yaro a ɗaure hannu baya, baki na jini, ana tambayarsa "kai ka ɗauka ko ba kai ba?", kafin ya buɗe baki an sake narka masa sanda. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takalminsa ƙafa ɗaya da ya fice, wani ya sa ƙafa ya shure shi gefe don ya samu wurin tsayawa ya ga duka da kyau. Sai kuma dariyar mai ɗaukar bidiyon, wadda ta fi kukan yaron ƙara saboda bakinsa ya fi kusa da wayar.

Sai ga malaman sharhi sun sauka. "Maganinsa ke nan." "Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya." "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka." Wani har da cewa 'yan kare haƙƙin ɗan Adam su zo su ɗauke shi su kai gidajensu su riƙe. Madalla! Ashe haka muke da arzikin alƙalai ban sani ba. Kowa da kotunsa a aljihu, shari'a ta daƙiƙa arba'in, ba shaida, ba lauya, ba ɗaukaka ƙara. A rufe makarantun koyon shari'a kawai, asarar kuɗi ake yi, tunda ga ku.

Ku saurara da kyau, don magana ɗaya ce zan yi ta nanatawa har ta gundure ku: haƙƙin ɗan Adam ba a cin sa da kyawun hali. Sunansa ma ya isa bayani. Sharaɗinsa ɗaya tal, a haife ka mutum. Mai kirki yana da shi, mugu yana da shi, wanda kake so da wanda ganinsa ke ɓata maka rai duk suna da shi. Wanda kowa ke ƙauna ai ba shi da wata buƙatar a rubuta masa kariya a takarda, jama'a sun riga sun kare shi. Don wanda aka taru a kansa aka rubuta ta.

Ranar 10 ga Disamba 1948, a birnin Faris, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam mai sashe 30. Ƙasashe 48 suka ce eh, babu wadda ta ce a'a, 8 suka ƙaurace, cikinsu har da Afirka ta Kudu, wadda a shekarar nan ta ɗora harsashin mulkin wariyar launin fata, kun ga kuwa ba za ta so takardar da ke cewa kowa daidai yake ba. Ku je ku karanta. Sashe na 5 ya hana azabtar da kowa. Sashe na 10 ya ba kowa damar a saurare shi a gaban kotu mai adalci. Sashe na 11 ya ce wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai an tabbatar a shari'a. Na duba sama da ƙasa ban ga inda aka buɗe baka aka ce "ban da ɓarawon waya" ba. In wani ya gani ya nuna mini.

Mutanen da suka rubuta ta kuwa ba yara ba ne da ba su san mugunta ba. Shekara uku ke nan da ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, sun ga sansanonin da aka hallaka miliyoyin mutane. Ku dubi abin da aka yi da manyan 'yan Nazi, jam'iyyar Hitler, a birnin Nuremberg na Jamus daga 1945 zuwa 1946. An zaunar da su a kotu, an ba su lauyoyi, an sa musu tafinta a kunne, an yi wata da watanni ana baje takardu da shaidu. A ƙarshe aka yanke wa 12 hukuncin kisa, aka ɗaure 7, aka sallami 3. An sallami uku! Mutanen da suka yi wa gwamnatin Hitler aiki sun samu a saurare su, amma yaron da ake zargi da waya ɗaya bai cancanci a bar shi ya gama jimla ba. Wallahi lissafin nan naku ya fi ƙarfin kaina.

"Ai ya amsa da bakinsa." To, sannu da bincike. Ku ba ni igiyar nan da sandar nan da minti goma, in ba ku wanda zai amsa cewa shi ya sace wata daga sama. Jiki magayi, kuma abin da yake gaya wa mai shi a lokacin duka shi ne faɗi duk abin da zai sa a daina. A 1989 a New York, an kama samari biyar 'yan shekara 14 zuwa 16 kan fyaɗe da dukan wata mata a filin shaƙatawa na Central Park. Bayan sa'o'i ana matsa musu da tambayoyi suka amsa, aka ɗaure su, gari ya yi ta tsine musu. Sai a 2002 wani fursuna ya fito ya ce shi kaɗai ya aikata, gwajin ƙwayar halitta ya gaskata shi, kotu ta soke hukuncin, bayan ƙuruciyarsu ta ƙare a kurkuku. Su ma da bakinsu suka amsa. Yarjejeniyar hana azabtarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984 ta toshe ƙofar gaba ɗaya: ko yaƙi ake, ko dokar ta-ɓaci aka kafa, babu uzurin da ke halatta azaba. Yaƙi bai zama uzuri ba, balle wayarka.

Kuma ko da shi ya ɗauka ɗin, ko da an kama shi da ita a hannu, maganata ba ta motsa ba. Laifi yana da hukunci, hukunci yana da mai yanke shi, kuma ba kai ba ne. Haƙƙin ɗan Adam ba a cin sa da kyawun hali.

Masu cewa "kayan Turawa ne" kuma, na gaji da ku. Cikin waɗanda suka fi tasiri wurin tsara sanarwar ta 1948 akwai Charles Malik ɗan Labanan da Peng Chun Chang ɗan Sin, kuma Hansa Mehta 'yar Indiya ce ta dage sai an cire lafazin da ke nuna maza kaɗai an sa "dukkan 'yan Adam". Ƙasashen Afirka sun yi tasu yarjejeniyar a 1981, hukumarta na zaune a Banjul ta ƙasar Gambiya. In duk wannan bai yi maka ba, buɗe Suratul Isra'i aya ta 70 ka ga wanda aka ce an girmama, 'ya'yan Adam ne ba tare da an ware na kirki ba. "To ai Amurka ma tana takawa, ga azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib da na Guantanamo." Ƙwarai tana takawa, kuma abin kunya ne. Da wane ma'auni kuka gane ta yi laifi? Da wannan takardar dai da kuke zagi. Ku zaɓi ɗaya, don Allah.

Wanda ya ce mini "don ba kai aka yi wa sata ba", shi kaɗai zan amsa wa da sanyin murya. An yi mini. An taɓa zare mini waya a cikin cunkoso, da hotunan mahaifiyata na ƙarshe a ciki, kuma ban ajiye su a ko'ina ba. Da na kama mutumin a ranar, ban san abin da hannuna zai yi ba. Shi ya sa ma nake gode wa Allah da ba a bar hukunci a hannun wanda zuciyarsa ke tafasa ba. Na kuma san yadda abin yake faruwa: ihu ɗaya ne, "ɓarawo!", yatsa ɗaya ya nuna ka, shi ke nan. Ba a tambayar sunanka, ba a tambayar aikinka. Ƙaninka da ya fita da safe da riga irin ta wanda ya gudu, shi ma abin da zai cece shi a wannan minti shi ne a samu mutum ɗaya a cikin taron da ya yarda cewa ko mai laifi ba a yi masa haka. Ku kuma kuna nan kuna koya wa jama'a akasin haka da alamar dariya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, kun san sauran.

Af, kafin in manta. Masu turo mini bidiyon ta akwatin saƙo, kun kai goma sha, ku daina, na gani.