Yadda Kuɗin Adashena Suka Sayo Mini Hoto Biyu

Ɗan yayata ne ya jawo komai. Yaro ɗan aji ɗaya a ƙaramar sakandare, ya zo mana hutu, ya zauna a gaban kwamfutata ya zura mini ƙwallo biyar ba ko ɗaya, a ɗakina, da fad ɗina, yana shan lemon da na saya da kuɗina. Da aka tashi sai ya ce, "Kawu, a sake ko ka gaji?"

Na ce ba gajiya ba ce, kwamfutar ce ke sarƙewa. Kuma fa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don takan ɗan yi tsaiko jefi-jefi. Abin da ban faɗa ba shi ne, tsaikon nan mu biyu yake samu.

Kwamfutar haɗi ce, ta hannu na saye ta. A cikinta akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 1600, fitowar 2017, da katin hoto GTX 1050 Ti mai giga 4, wanda ya girme shi da shekara guda. Daren nan ban yi barci ba. Na kwana a YouTube ina kallon Turawa suna gwada furosesa iri-iri, lambobi na tashi sama kamar farashin shinkafa. Kafin asuba na yanke hukunci: Ryzen 5 5600 zan saya, fitowar 2022, tunda mazauninsu ɗaya da tsohon, wato AM4. Cire wannan, dasa wancan, shi ke nan. Ban lura cewa katin hoton da Turawan nan ke gwaji da shi ya fi babur ɗina tsada ba.

Aka yi sa'a, ko rashinta, makon ne kwasata a adashen ofis. Uwargida ta riga ta yi wa kuɗin nan mazauni, firji take so. Na ce mata firjin zai zo a zagaye na gaba, yanzu akwai "kayan aiki" da ya zama dole. Ta dube ni ta ce, "Allah ya sa aikin ya biya." Daga yadda ta ja kalmar aikin na san ba addu'a ba ce zalla.

Na nufi titin Beirut a nan Kano. Mai shagon, Allah ya saka masa, bai ɓoye mini komai ba. Ya tambaye ni katin da nake da shi, da girman monitata. Da na faɗa masa sai ya ajiye kwalin ya ce, "Yallaɓai, in don gem ne, katin za ka fara sauyawa. Furosesa direba ne, kati kuma mota. Ko direban gwamna ka ɗauko ka ba shi A Daidaita Sahu, iya gudunta zai yi." Na ce a raina, ka ji ɗan kasuwa, so yake ya sayar mini da mai tsada. Na ce masa ya ba ni abin da na zo nema. Ina fita ya ɗaga murya ya ce kada in manta da BIOS. Na ɗaga masa hannu irin na wanda ya san abin da ake nufi.

A gida na shimfiɗa tabarma, na kwantar da kwamfutar, na ɗauko sukundireba. Ɗan yayata ya tsuguna a gefe yana haska mini fitilar waya. Na kwance kusoshin fankar guda huɗu, na ja. Ta ƙi. Na ƙara ƙarfi. Ta ƙi. Na yi bisimilla na fizga irin fizgar rogo.

Fanka ta fito. Na leƙa mazaunin furosesa, wayam.

"Kawu, ga shi can a manne a gindin fankar."

Ashe man da ake shafawa tsakanin furosesa da fanka, don zafi ya riƙa wucewa, in ya shekara da shekaru yakan bushe ya kama kamar siminti. Masu sani sukan kunna kwamfutar ta ɗan yi ɗumi tukuna, sannan su murza fankar hagu da dama a hankali. Ni kuwa na tumɓuko shi daga mazauninsa alhali sandar da ke kulle shi tana kulle. Furosesan AM4 a jikinsa ƙafafuwansa suke, siraran allurai guda 1331, kuma da na ɓamɓare shi da katin ATM sai ya suɓuce ya faɗi a kan tabarma. Wani layi na ƙafafun ya kwanta kamar gero bayan iska.

Na ce ba komai, ai tsoho ne, ya gama zamaninsa. Na dasa sabon, na shafa masa mai, na ɗaure, na danna maɓalli ina murmushi. Fankoki suka juya, fitilu suka kama, monita kuwa baƙi ƙirin. Na kashe na kunna. Na cire RAM, ɗan katin da kwamfuta ke riƙe aikin da take ciki, na hure shi na mayar, kamar yadda muke yi wa kaset ɗin gem muna yara. Shiru.

Nan ne muryar mai shago ta dawo mini. Fanel ɗina, wato babban allon da ake dasa duk kayan ciki a kansa, B450 ne, an ƙera shi tun kafin a haifi wannan sabon furosesa, don haka bai san shi ba. Sai an sabunta masa BIOS, ɗan shirin da ke zaune a jikin fanel yana gabatar da kayan ciki ga junansu. Wasu fanel ɗin suna da maɓalli a baya da ke yin wannan aiki ko babu furosesa. Nawa ba shi da shi. Hanya ɗaya ce ta rage: a mayar da tsohon furosesa, a sabunta, sannan a sa sabon. Tsohon da na ce ya gama zamaninsa, wanda ke kwance a tabarma da lanƙwasassun ƙafafu.

Daga bayan isha'i har wajen ƙarfe ɗayan dare ina ɗori. Reza a hannun dama, tabaran surukata da ta manta a gidanmu a kan hancina, yaro riƙe da fitila yana gyangyaɗi. Sai in zura bakin rezar tsakanin layuka in ɗago ƙafa ɗaya a hankali, ina riƙe numfashi, don in ta karye ta karye ke nan. Na ƙirga goma sha ɗaya da na miƙar. Uwargida ta leƙo sau ɗaya, ta gan ni da tabaran mahaifiyarta, ta koma ba ta ce uffan ba. Da ma zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Tsoho dai ya shiga mazauninsa, kuma ya tashi. Wallahi sai da na ba shi haƙuri.

Saura BIOS. Sharaɗinsa guda ne: in aka fara, kada wuta ta ɗauke, in ba haka ba fanel na iya mutuwa murus. Mu kuwa a unguwarmu wuta baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta tafi. Na tayar da janareta da tsakar dare, na sa filas mai ɗauke da sabon BIOS, na danna. Wani ɗan layi ya fara tafiya a monita, tafiyar hawainiya. Yana kai wa rabi janareta ya yi tari. Na fita da gudu ba takalmi, na tsaya a kansa ina lallashinsa kamar mai jinya. Maƙwabcina ya buɗe taga ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce lafiya lau, aiki ne na gaggawa. Ya ce Allah ya ba mai jikin sauƙi. Na ce amin, don ban ga ta inda zan fara bayani ba.

Washegari sabon furosesa ya hau aiki. Na buɗe wasan ƙwallo, na kunna ma'aunin da ke nuna hoto nawa ake samu a daƙiƙa. Ya nuna 60. Na tambayi yaron da nawa yake nunawa. Ya ce 60. Monitar tawa ce iyakarta ke nan, sau 60 take sabunta hoto a daƙiƙa, ko da kwamfutar za ta iya dubu.

Na ce to, a gwada gem mai nauyi, na harbe-harbe. A da ina samun 38. Yanzu 40. Ma'auni ya nuna katin hoto yana aiki kashi 99 cikin ɗari, yana gumi, fankarsa na kuka, shi kuwa sabon furosesa yana wajen kashi 30, ya miƙe ƙafa yana shan iska. Direban gwamna a cikin A Daidaita Sahu, daidai yadda aka faɗa mini. Da a ce akasin haka ma'aunin ya nuna tun farko, kati na hutawa furosesa na haki, da kuɗina sun yi rana. Kuma ma'aunin nan kyauta ne, yana cikin kwamfutar tun kafin in taɓa adashe. Don kada in zalunci sabon, tsaikon nan na jefi-jefi ya ragu, kuma kwamfutar ta fi saurin buɗe abubuwa. Amma firji guda a kan hoto biyu, ko ni da na yi cinikin na kasa kare shi.

Ina zaune na yi tagumi, yaron ya karɓi linzami. Ya shiga saitin gem ɗin, ya rage kyan inuwa, ya sauke wani abu guda daga sama zuwa tsakiya. Lamba ta haura 55.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun tuni, Kawu. Ai ba ka tambaye ni ba."

Da yamma muka sake buga ƙwallo. Ya ci ni huɗu da ɗaya, ɗayar ma ɗan bayansa ne ya ci gida. Na juya fad ɗin a hannuna ina dubawa, na ce ni fa ina jin maɓallin nan na dama ya saki, akwai wani sabon samfuri da na gani.

Daga kicin uwargida ta ce, "Na riga na kira uwar adashe. Zagaye na gaba a hannuna za ta damƙa."